Koren Fenti a Unguwar Bayan Tasha

A kwatas ɗin reluwe na Ƙaura Namoda aka haifi Hindu, zamanin da jirgin ƙasa ke shigowa garin ya sauke fasinja, ya ɗauki hatsi da fatu ya juya, domin nan ne layi ya ƙare. Mahaifinta, Malam Mudi, mai tuta ne. Aikinsa ya tsaya bakin layi da ƙyalle biyu ɗaure a sanda, ja da kore. In ya ɗaga ja, jirgi ya tsaya. In ya ɗaga kore, ya wuce. Ba shi da ofis, ba shi da kujera, albashinsa kuma bai taka kara ya karya ba, amma yakan ce duk taƙamar direba, sai abin da hannun Mudi ya faɗa. Mutum ne mai tsabta, marar yawan magana, kuma tun da Hindu ta yi wayo ba ta taɓa ganin jam'i ya wuce shi ba, sai in ciwo ne ya kwantar da shi.

Ɗakin da ke manne da nasu na wani mutumin Binuwai ne, ɗan ƙabilar Tibi, mai gyaran tarago. Yana da ɗiya tsarar Hindu, sunanta Doosuur, amma bakin mutanen Ƙaura bai iya kamo sunan ba, sai suka mayar da ita Dosu. Tare suka yi rarrafe, tare suka shiga firamare. Ranar Lahadi Hindu takan zauna bakin ƙofa ta jira Dosu ta dawo daga coci, da azumi kuma Dosu ba ta kai komai baki a gaban Hindu. Hausa a bakinta kamar ta kowace Bazamfara.

Hindu tana aji biyu na sakandare mahaifiyarta ta rasu, ta bar ƙanenta Kamaluddeen ko yaye shi ba a yi ba. Ba wanda ya ce mata ta bar makaranta. Ita ce ta dubi gidan, ta ga uba yana bakin layi tun safe, yaro yana kuka, murhu a sanyaye, sai ta ninke kayan makarantarta ta sa a ƙasan akwati. A bayanta Kamalu ya girma, kuma ƙosan da take soyawa bakin tasha shi ya raka shi har ya gama firamare.

Sai da ya shiga sakandare ta yarda ta yi aure. Mahmuda ne ya aure ta, wani mai sayen hatsi a kasuwar Shinkafi, mutum mai barkwanci da sauƙin kai. In ka tambaye ta, a ɗakinsa ne kawai ta san abin da ake kira hutu. Allah ya ba su ɗiya guda, Rumaisa'u, ta girma suka aurar da ita Zurmi. Ba a daɗe da bikin ba ɓarayin daji suka tare motar da ta ɗauko Mahmuda daga Katuru, aka kawo mata gawarsa a bayan a-kori-kura. Da ta fita takaba ta tattara komatsanta ta dawo Ƙaura, gidan da Malam Mudi ya gina a unguwar bayan tasha da ya yi ritaya. Jirgi ya daɗe da daina zuwa. Ciyawa ta rufe layi, awaki na kwana inda ake yankar tikiti. Kamalu kuwa ya zama Alhaji Kamalu, ma'aikaci a wani ofishin gwamnati, da gidansa a sabuwar unguwa, matarsa kuma ɗiyar gidan malamai.

Ta dawo ne don ta fake a gidan uba, sai ta tarar uban ne ke neman mafaka. Gigin tsufa ya fara taɓa shi. Da farko abin dariya ne: ya ɗora hula kan hula, ya birkita ɗaki yana neman carbi alhali yana wuyansa, ya ci tuwo ya wanke hannu sannan ya tambaya ko yau ba a ɗora tukunya ba. Daga baya dariya ta ƙare. Ya fara kiran Hindu da sunan mahaifiyarta. In ya fita masallaci, wanda ba shi da wani nisa, sai hanyar dawowa ta ɓace masa. Wata rana ya faɗa gidan maƙwabcinsu Magaji, gidan da maza ba sa shiga, ya zauna tsakar gida ya tuɓe takalmi yana kiran a kawo masa buta. Magaji ya rako shi har ƙofa, ya gaya wa Hindu, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, cewa su ji da tsohonsu.

Kamalu ya ce a riƙa kulle zaure. Hindu ta gwada. Da ladan ya kira salla, Malam Mudi ya yi alwala ya nufi ƙofa, ya tarar da kwaɗo. Ya yi ta jijjiga ta yana roƙon duk wanda ke waje ya buɗe masa don Allah, za a tayar. Da ya ji an sallame, sai ya zauna ƙasa ya yi kuka irin na yara. Daga ranar Hindu ba ta iya sake kulle shi ba. Sai ta koma binsa a baya duk salla, ta tsaya nesa da masallaci cikin hijabi har a idar, ta taro shi gida. Suyar ƙosai ta tsaya. Barcin kirki ya ƙaurace mata. Ta rame har Rumaisa'u ta zo ganin gida ta fashe da kuka.

Duk wannan zamani Doosuur ba ta bar Ƙaura ba. Iyayenta sun koma ƙasarsu sun rasu can, ita ta zauna, ta auri Lawrence mai kantin magani a bakin titi, tana koyarwa a wata sakandare. 'Yan unguwa Maman Nancy suke kiranta, Hindu ce kaɗai ta riƙe Dosu. Da 'ya'yanta suka tasa sai ta koma karatu, digiri na biyu a fannin halayyar ɗan Adam, irin wanda ake zuwa jami'a lokacin hutu. Binciken da ta ɗauka shi ne ko launi yana taimaka wa tsofaffi su riƙe abu a ka. Takan bi gidaje da wasu katuna masu hoton buta, akuya, ludayi, fitila, wasu baƙi da fari, wasu masu launi. Ta nuna wa tsoho ko tsohuwa, su ɗan taɓa hira, sannan ta tambaya waɗanne aka tuna, ta rubuta. Tsofaffin unguwa suna son zuwanta, don ba ta zuwa ba goro, kuma tana sauraron labaran da jikoki suka gaji da ji.

Ranar da ta gwada Malam Mudi, bai tuna akuya ba, bai tuna ludayi ba. Ita kanta Doosuur, wadda ya sha ɗauka a kafaɗa, gaisuwar baƙuwa ya yi mata. Amma tana cikin tattara katunanta, wani jan kati ya zo sama. Sai tsohon ya miƙe zumbur, ya ɗaga hannu, ya ce, "Tsaya," da wata murya da Hindu ta manta yana da ita. Doosuur ta dubi Hindu, ta lalubo kore ta ɗaga. Ya sauke hannu, ya ce a wuce, hanya ta yi kyau, ya koma ya zauna abinsa.

Doosuur ta ce ba za ta iya sa shi cikin bincikenta ba, domin malaminta tsofaffi masu lafiya ya ce ta nema. Amma washegari sai ga ta ta dawo, ba kati a hannunta.

"Hindu, kada ki ɗauka magani na kawo miki," in ji ta. "Abin da masu bincike sunka gano kaɗan ne. Launi na kama ido, abin da ya kama ido kuwa ya fi daɗewa ga kai. Iyakarta ke nan. Amma shi Baba, ja da kore sun zauna mishi tun ba a haife mu ba. Ina ganin su ne za su bar shi daga ƙarshe. Mi zai hana mu gwada?"

Hindu ba ta yi gaggawa ba. Ta je wurin mai unguwa, ta aika wa liman, sannan ta bi gidajen da ke kan hanyar masallaci ɗaya bayan ɗaya tana neman izini. Ba wanda ya hana. Magaji ma cewa ya yi in dai tsohon zai daina faɗo masa gida, a shafe katangar duka. Kamalu ya yi dariya a waya, ya ce wasan yara ne, amma su yi. Lawrence ya kawo gwangwanin fenti biyu da buroshi. Hindu da hannunta ta shafa wa ƙofar zaurensu kore, sannan ta bi falwayoyi da kusurwar katangu tana yin tambari kamar faɗin tafin hannu, daidai inda idon tsohon zai sauka, tun daga gida har bakin masallaci. A bakin lungun da ke fita tsohuwar tasha, da wanda ke kaiwa babban titi, ta shafa ja.

Kwanakin farko ta ci gaba da binsa a baya. Ta ga ya fito masallaci ya tsaya yana waige-waige yadda ya saba, sai idonsa ya faɗa kan kore, ya nufe shi, daga nan ya hango na gaba. Da ya karkata wajen lungun tasha ya ga ja, ya ja burki, ya juya. Haka har ya dafa ƙofar gida ya yi sallama. Hindu ta raɓe jikin katanga ta rufe fuska da hijabi.

Ciwon bai warke ba. Bai daina kiranta da sunan mahaifiyarta ba, bai daina tambayar abincin da ya riga ya ci ba. Amma ya koma mutum mai fita da ƙafarsa ya dawo da ƙafarsa. Ya koma sahun farko, inda ya saba tsayawa. Masu zama bakin masallaci in sun hango shi sukan ce jirgin Malam Mudi ya taso, shi ma ya yi murmushi ya ɗaga musu hannu. Hindu ta sake hura wutar ƙosai a ƙofar gida, jikinta ya fara dawowa. In rana ta kodar da tambarin, sai ta bi ta sabunta. Damina biyu aka yi haka, har wasu daga wata unguwa suka zo tambayar yadda aka yi, don su ma suna da tsohuwa mai ɓata.

Damina ta uku tana kamawa ɓarayin daji suka shigo unguwar cikin dare. Mutum guda suka zo ɗauka, Alhaji Ɗanasabe dillalin shanu, kuma shi suka ɗauka, suka fita ba su taɓa gidan kowa ba. Gari ya waye mutane sun taru ƙofar gidansa. Tambaya guda ke yawo: ya aka yi suka gane gidan, unguwa mai lunguna haka? Sai wani ya nuna kusurwar katangar Alhaji, inda koren tambari yake.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kafin azahar magana ta gama unguwa, kafin la'asar ta shiga wayoyi. Aka ce ai haka infoma, masu kai wa ɓarayi rahoto, suke yi a wasu garuruwa, su yi wa gidaje alama: kore na nufin akwai dukiya, ja na nufin kada a bi nan, akwai 'yan sintiri. Aka duba, sai ga shi kuwa ɗaya daga jajayen tambarin yana kusa da benci inda matasan sintiri ke zama. Ba wanda ya tsaya ya ce gidajen da ke da kore sun haɗa da na mai gyaran takalmi da na wata gwauruwa mai sayar da kuka. Aka koma tambayar wa ya kawo shawarar fentin tun farko. Waɗanda jiya suke cin goron Maman Nancy yau suka tuna tana shiga gida-gida, tana tambayar shekaru da sana'a, tana rubutawa.

Washegari da hantsi jama'a suka yi wa kantin Lawrence zobe. Duwatsu suka fara sauka kan kwano. Aka shiga gidansu da ke bayan kantin aka kwaso katuna da takardun binciken, aka cinna musu wuta tsakiyar titi. Liman ne da mai unguwa suka tsaya bakin ƙofa suka hana a kai ga mutanen da ke ciki. Hindu ta bar mai a wuta ta zo a guje, ta kutsa cikin maza, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta.

"Ni ce na shafa," ta ce. "Da hannuna na shafa, kuma ba gidan da ban nemi izini ba. Malam Magaji, ba kai ka riƙe mani gwangwani ba ranar da na zo katangarka?"

Magaji ya kau da kai. "Baiwar Allah, koma gida," in ji shi. "Ke amfani anka yi da ke, ba ki sani ba."

Wannan magana ta fi komai zama mata a rai. Ko tuhumar ma ba su ga ta isa a yi mata ba. Da sun ce ita ce infoma, da ta san abin da za ta kare. Amma sun riga sun zaɓi wadda suke so, ita kuma sun ajiye ta gefe a matsayin wawuya.

Jami'an tsaro suka zo suka tafi da Doosuur da mijinta, suka yi musu tambayoyi, ba su sami komai ba, suka sake su tare da shawarar kada su koma unguwar. Ba a yi sati ba wata babbar mota ta kwashe abin da ya rage na kayansu. Hindu ba ta yi sallama da ita ba. Tana gida tana tsare da mahaifinta, domin an fara jifan ƙofarsu su ma.

A ranar ne Kamalu ya zo, da leburori biyu da bokitan farar ƙasa. Bai zauna ba.

"Yaya, kin san sunan wa ake kira a ofis? Nawa. Surukina da kanshi ya aiko kirana. Yau ɗin nan za a shafe komi."

"Shafe na waje," in ji Hindu. "Bar mani ƙofar gida kaɗai, Kamalu. Ƙofarmu ce, ba ta kowa ba."

"In na bar ko ɗigo guda, wanga gida za a ƙona da ku ciki. Ki bar mani, ni zan samo mai raka shi masallaci."

Ta so ta tuna masa a bayan wa ya girma, sai ta haɗiye. Abin da ya ƙara ci mata rai shi ne ta san ba duka maganarsa ce ƙarya ba. Tana tsaye cikin zaure tana jin karan buroshi jikin ƙofa. Kafin magariba unguwar ta yi fari fat, har da falwayoyi. Mutumin da Kamalu ya samo ya zo kwana biyu, sannan matarsa ta hana shi, ta ce kada a gan shi yana shiga gidan. Kamalu ya ce zai nemo wani.

Hindu ta koma tsohon aikinta na bin tsoho a baya, sai dai yanzu tana tafe ana binta da ido. Masu sayen ƙosai suka ɗauke ƙafa. In ta yi sallama a gidan biki, hira ta mutu. Malam Mudi kuwa ya rasa abin da ke damunsa. Yakan fito masallaci ya tsaya yana duban katangu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman wanda ya yi masa alkawarin jira. Wani lokaci ya ƙi yarda ya shiga gidansa, ya ce ba nan ba ne, sai ta lallashe shi kamar yaro.

Wata Talata zazzaɓi ya rufe ta. Ta raka shi azahar da ƙyar, ta dawo ta kwanta a tabarma da niyyar ta ɗan miƙe baya, barci ya ɗauke ta. Ba ta ji kiran la'asar ba. Shi ya ji. Da ta farka rana ta yi sanyi, buta tana jiƙe bakin rariya, takalmansa ba sa nan.

Daga baya ta ji yadda aka yi, domin ba a ɓoye ya tafi ba. Ya yi salla cikin jam'i. Masu zama bakin masallaci sun ga ya fito ya tsaya yana juyawa. Mai shayi ya ga ya nufi lungun tasha. Wata mata mai tallar fura ta gan shi ya hau kan layi ya miƙi kudu, yana tafiya a tsanake kamar mai zuwa aiki. Duk cikinsu ba wanda ya kama hannunsa. Kowa ya ɗauka wani zai yi, kuma kowa yana gudun a ce an gan shi cikin sha'anin gidan nan.

Hindu ta bi layin da zazzaɓinta, tana kiran Baba, har ta wuce gonakin ƙarshe, inda manoma kansu suka daina zuwa saboda ɓarayi. Nan wasu masu dawowa daga itace suka tare ta suka dawo da ita da ƙarfi. Kamalu ya buga waya duk inda ya sani, ya sa aka yi cigiya a masallatai, ya zauna a zaure ya dafe kai. Amma ba wanda ya yarda ya shiga dajin, ko da an ce za a biya shi.

Bayan 'yan kwanaki wasu mutanen wani ƙauye da ke gefen layi suka tsince shi ƙarƙashin wata ƙaramar gada, ba takalmi, ƙafafunsa sun farfashe, leɓensa ya bushe. Da ransa. Suka ɗora shi a amalanke suka kawo shi gari. Ya yi kwanaki a asibiti aka sallamo shi, amma wanda ya dawo gida ba shi ne ya fita ba. Bai sake takawa da kansa ba. Ba a sake bukatar kwaɗo ba. In ladan ya kira salla, ko motsi ba ya yi. Hindu ke juya shi, ta wanke shi, ta ɗura masa kunu da cokali. Ya daina kiranta da sunan mahaifiyarta, ya daina kiranta da kowane suna.

Yana kwance haka aka sako Alhaji Ɗanasabe, bayan iyalinsa sun sayar da abin da suka sayar. Mutane suka cika gidansa jaje. A gaban kowa ya faɗa cewa waɗanda suka ɗauke shi tare suke da wani mutum rufe da fuska wanda ya san har ɗakin da yake kwana, ya kuma kira shi da sunan da 'yan cikin gida kaɗai ke kiransa da shi. Da aka yi masa zancen fenti, sai ya ce wane fenti mutum zai gani cikin wannan duhu. Wani ya ce Allah ya kyauta, aka amsa da amin, aka shiga zancen farashin gero. Maganar ta iso kunnen Hindu a ranar. Ta share zaure, ta shimfiɗa tabarma, don ta ɗauka ko mai unguwa, ko Magaji, ko wani dai zai zo ya ce an yi kuskure. Ta naɗe tabarmar bayan kwana uku.

Malam Mudi ya rasu kafin a yanke gero. Jana'izarsa ta yi jama'a, har tsofaffin ma'aikatan reluwe suka zo daga Gusau. Kamalu ya zauna ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, ana sa masa albarka, ana cewa samun ɗa mai riƙe uba kamarsa sai an tona. Hindu tana ciki tana jiyo su ta taga. Matan da suka daina amsa sallamarta suka shigo suka zauna, suka ce mata sai haƙuri, kwana ne ya ƙare. Ta ce haka ne.

Bayan addu'ar bakwai Hindu ta nemi sabuwar lambar Doosuur wurin wani malamin makarantar da Doosuur ta koyar, ta kira. Doosuur tana Gboko, wurin dangin da ba ta taɓa zama da su ba. Ta ce yaren Tibi ma ba ya fita sosai a bakinta, can Bahaushiya suke kiranta. Lawrence yana tsaron kantin wani. Karatun kuwa ta bari, domin duk abin da ta tara ya ƙone, kuma ba ta jin za ta iya sake ƙwanƙwasa ƙofar wani tsoho da kati a hannu. Hindu ta gaya mata rasuwar, ta gaya mata abin da Alhaji Ɗanasabe ya faɗa.

"To, sun ce mi?" in ji Doosuur.

"Ba su ce komi ba."

"Baba fa? Ya taɓa tambayata?"

Hindu ta so ta ce e. "Bai tambayi kowa ba, Dosu," in ji ta.

Ta so kuma ta ba ta haƙuri a madadin garin, amma ba wanda ya aike ta, sai ta bari. Suka yi sallama kamar waɗanda za su haɗu gobe. Suna gaisawa jefi-jefi har yanzu, sai dai hirar ba ta tsawo.

Hindu tana nan a unguwar bayan tasha. Ta haura hamsin, gwiwa ta fara damunta. Ta koma suyar ƙosai, masu saye sun dawo kamar ba a yi komai ba, har 'ya'yan Magaji, kuma ba ta rage wa kowa ko ƙwaya. In an gaishe ta takan amsa. Amma ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna, in an aiko mata da goron gayyata ta karɓa ta ba wani. Mata suna cewa Hindu ta cika riƙo, abin da ya wuce ai ya wuce. Kamalu yakan aiko da shinkafa da azumi, ya zo gaisuwa ranar salla, ya zauna bakin kujera yana duban agogo. Ba su taɓa tayar da zancen ba.

Rumaisa'u ta sha roƙonta ta dawo Zurmi kusa da ita, ta ce me ya rage mata a garin da ya yi mata haka. Hindu takan fake da hanya, ta ce ba ta da kyau, a bari sai an sami lafiyarta. Sau ɗaya ne, da ɗiyar ta matsa mata har da kuka, ta faɗi gaskiya. Ta ce in ta tashi, ba sauran wanda mutanen unguwar za su gani da safe su sunkuyar da kai.